Gishirin Da Ba Ki Ji Ba

Rusaifa, Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yata.

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, kin gane alƙibla a ɗakin da suka ba ki, kin kuma sami abu mai ɗumi kin sa a cikinki. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙasar Sin, ya sauƙaƙa miki baƙunta. Na cusa takardar a hannun rigar sanyin nan mai ruwan toka, don na san ba za ki sa ta ba sai sanyi ya matsa miki, lokacin kuwa kin yi nisan da ba sai mun haɗa ido ba. Ki karanta a hankali. Na san Hausar boko tana ba ki wuya. A littattafan soyayyar da alhazai ke kawo mini daga Kano kika koye ta, kina ɓoye su a ƙarƙashin katifa, kina zaton ban sani ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba, ƙaninki Sadik zai cika miki kunne da shi ta waya. Kurakuraina zan faɗa miki, ki tafi da su, ko za su yi miki amfanin da ba su yi mini ba.

Kwanakin baya ina saukowa daga saman bene da kwandon shanya, na jiyo ki a matakala ke da Rawan, 'yar maƙwabtanmu. Ta tambaye ki ko ba za ki yi kewar gida ba. Kika yi 'yar dariya, kika ce mata da Larabci, "Umma ba za ta san na tafi ba sai kwanuka sun taru." Kika ƙara da cewa in igamarki, takardar izinin zamanki a ƙasar nan, ta mutu kina can, ba za ki wahalar da kowa da sabunta ta ba, ko'ina ma gari ne. Na daɗe a tsaye a bayan ƙofa, kwandon yana hannuna. Ban ga laifinki ba, abin da idonki ya gani kika faɗa. Tsorona ɗaya ne: ki tafi da maganar nan a ranki, ta yi saiwa, ki ƙi dawowa.

Ke kika ba ni hanyar da zan bi in yi miki bayani, ba ki ma sani ba. Kin tuna la'asar ɗin nan da nake tsinke ayoyo a falo, ke kuma kin baje littattafanki a ƙasa? Tun shekarar da kika taya ni rabon abinci a benen alhazan Sin a Aziziyya, wata tsohuwa a cikinsu ta ba ki mafici mai rubutunsu a jiki, hankalinki ya koma can. Ranar dai bakinki ya buɗe, abin da ba ki saba yi da ni ba. Kika ce a ƙarnonin ƙarshe na sarautar Sin, kafin a daina yin sarakuna, malamansu sun yi ta jayayya a kan mece ce waƙa mai kyau. Wasu suna ganin sai mutum ya bi sawun magabata, ya haddace tafiyarsu da amonsu har muryarsa ta koma tasu. Wasu suna ganin waƙa mai kyau ba ta faɗin abin da ke ranta, tana kewaye shi ne ta bar shi ya narke kamar gishiri a ruwa, ba a ganinsa sai an ɗanɗana. Wasu kuma suka ce duk a bar wannan, mutum ya faɗi abin da ke zuciyarsa da bakin kansa, ko da maganar ba ta goge ba.

Sai kika ɗago kika dube ni.

"Umma, ke a cikinsu wa kike bi?"

Na ce, "Ni mai miya ce. Miƙo mini tiren can."

Kika miƙo. Kika tattara littattafanki ɗaya bayan ɗaya, kika shige ɗaki. Wallahi amsar tana bakina a lokacin, nauyi ne ya hana ni. Kin buɗe mini ƙofa, na sa ƙafa na tura ta. To ki ji, duk ranar da wani mai kunya ya daure ya yi miki tambaya, ki ajiye abin da ke hannunki ki amsa masa. Miya tana jira. Mai kunya ba ya tambaya sau biyu.

Amsar ita ce, na farko da na biyu na bi, tun ranar da aka haife ki, kuma a kanki na bi su.

A garinmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari. Ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta yabonta, ba ta nuna ta damu. Alkunya ke nan. Na tashi na ga Innata tana yi wa Yaya Hadiza haka, daga "ke" sai "waccan". Amma Yaya ba ta taɓa kwana tana tunanin ko ana sonta ba. Kaka ce ta goya ta, gwaggo ce ke mata kitso, gida cike da hannuwa. In zazzaɓi ya kama Yaya, Inna ba za ta leƙa ɗakin ba, sai dai ta ja turmi ta hau daka ba ji ba gani, kowa a gidan kuma ya san abin da taɓaryar ke faɗi. Shirun Inna yana da masu jinsa.

Ni kuwa Abbanki ya kawo ni Makka ina amarya, shi yana karatu. Na haife ki a ɗaki biyu a Ka'akiyya, ba kaka, ba gwaggo, ba turmi, sai ƙarar mukayyif mai sanyaya ɗaki da hasken rana a bangon maƙwabta. Na ɗauko shirun Inna na shimfiɗa shi a nan yadda na gan shi, ban rage komai ba, ina ganin na yi tarbiyya. Kin ce abokan jayayyar masu bin magabata suna musu dariya, wai sun sa rigar kakanninsu sun ɗauka sun zama kakannin. Da kika faɗa na yi murmushi, a raina kuwa na ce ga ni nan zaune da rigar, har tana jan ƙasa. Malamanki za su sa ki kwaikwayi na da, ki kwaikwaya, ta nan ake koyo. Amma kafin ki ɗauki tafiyar wani ki tambaya: a wane gida ya yi ta, kuma su wa ke zaune a gefensa suna saurare?

Mutanen nan kin san da sunan ɗa suke kiran uwa. Da na haife ki maƙwabta suka fara kirana da sunanki. Sai in yi kamar ban ji ba, har suka ɗauka girman kai ne. Da aka haifi Sadik suka koma Ummu Sadik, na amsa da sauri, har da ajiyar zuciya. Ban taɓa kawo wa raina cewa kina tsaye kina ji ba.

Sai ranar haflar makarantarku, bikin ƙarshen shekara, kina firamare. A bakin ƙofa wata abla, cikin malamanku, tana tambayar kowace uwa sunan 'yarta don ta nuna mata wurin zama. Kina gefena da farin ribon a kai, kin riƙe bakin abayata. Ta zo kaina ta tambaya. Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Na faɗi sunan Abbanki, na faɗi ajinku. Ta sake tambaya da ƙarfi, tana zaton Larabcin ne ban ji ba. Wata mata a bayana ta yi dariya ta ce, miskina, ta manta sunan 'yarta. Ke kika faɗa da kanki, murya ƙasa ƙasa. Sannan kika saki abayar.

A ranar kika karanta waƙar da kika rubuta, aka ba ki kyauta. Iyaye suna guɗa, suna rungume 'ya'yansu, ana ta "ya habibti, ya ruhi". Ni na kafa wa kafet ido, ƙirjina kamar zai fashe don daɗi. A hanya na tsaya a bagala, kantin unguwa, na saya miki askirim har biyu, a zatona na gama faɗin komai. Kika sha ɗaya, ɗayan ya narke a hannunki. 'Yata, abin da yake ladabi a wani gari yana iya zama wulaƙanci a wani. In kin ga ɗabi'arki tana sa wanda kike ƙauna ya sunkuyar da kai a cikin mutane, ki karya ta a wurin. Kada ki bari sai kin koma gida kin yi shawara.

Za ki ce to me ya sa abin bai yi tsanani ba sai daga baya. Abbanki ne. Kin ba ni labari cewa Sinawan nan ba sa barin littafi shi kaɗai. Mai sharhi zai ɗauki jan tawada ya bi gefen shafi, ya zana ƙananan zobba kusa da baitin da ya yi kyau, ya ɗan yi rubutu a sama yana nuna wa mai karatu inda zai dakata ya duba abin da mawaƙin ya ƙi faɗa. Har a buga littafin da zobban a jikinsa, don ɗan koyo kada ya wuce wurin da gudu. Da kika faɗi haka sai da na tashi na shiga kicin, don kada ki ga idona. Ai aikin da Abbanki ya yi mini ke nan duk zamanmu.

Shi ya iya karanta ni tun ranar farko. Da ya zo zance gidanmu ban ce masa ko kalma ɗaya ba bayan gaisuwa, kaina a ƙasa, ina wasa da bakin mayafi. Daga baya ya ce mini tun kafin in shigo zauren ya sami amsarsa, don ya ji turaren wuta a jikin tabarmar da aka shimfiɗa masa, ya kuma san ba ƙannena ne suka turara ta ba. Haka ya ci gaba da yi a tsakanina da ke. Sunan mahaifiyarsa aka sa miki, shi ya sa yake ce miki Uwata. In mun zauna cin abinci sai ya leƙa farantinki.

"Uwata, wa aka ba ƙirjin kazar nan? Ni mai gidan wuya aka ba ni. A gidan nan dai an san wanda ake so."

Sai ki saci kallona ki yi dariya, ni kuma in ce masa ya ci abincinsa kafin ya huce. Kin ga zobe ke nan ya zana, kika tsaya, kika ɗanɗana.

Da Allah ya karɓi abinsa, aka yi masa salla a Harami bayan la'asar, muka dawo gida cike da mata masu gaisuwa. Na ɗora Sadik a cinya ina kuka ina kiran sunansa. Ke kina bakin ƙofar kicin da butar gahawa, kina zuba wa baƙi, ba ki gama girma ba, idonki a kaina. Na gan ki sarai. Hannuna ɗaya ba komai a cikinsa. Da na miƙa shi da kin zo. Na tuna akwai matan garinmu a falon, na mayar da hannun kan Sadik. A cikin kurakuraina duka wannan ne ba na iya tunawa ina tsaye, sai na nemi wuri na zauna. Na ɗauka Abbanki ya gama koya miki karatuna kafin ya tafi. Ashe littafin ya rage ba kowa a gefensa, ke kuma kina ta buɗe shafi kina ganin fari. Ba ni da wata nasiha a nan sai guda: ranar makoki ba a yi wa kowa kara. Wanda ke kusa da ke ki jawo shi.

Tunda ba mai zana mini zobban, bari in zana da kaina, ko da ba a yi haka ba. Labulen tagar kicin da kike mitar kullum a karkace yake, ni nake riƙe shi da safe har motar makarantarku ta sha kwana. Shekarar jarrabawarki ta ƙarshe da na ce sanyi yana taɓa mini gwiwa, mu yi musayar ɗaki, gwiwata ƙalau take, mukayyif ɗinki ne ya lalace. Kuma duk ɗawafin da na yi, da ke nake farawa. Amma ko a gaban Ka'aba "yarinyar nan" nake cewa, ina cewa ai Allah ya san wadda nake nufi. Allah ya sani. Ke ce ba ki sani ba.

Akwai wani abu kuma. Kin ce matan Sin na wancan zamani da yawa sun iya waƙa, amma wasunsu sukan ƙona abin da suka rubuta, don ana ganin bai dace muryar mace ta fita waje ba. Kika ce ke wannan ya fi komai ba ki haushi. Ni ma na ƙona tawa, ba da wuta ba. Ina budurwa ni ke ba da waƙa a dandali, ƙawaye suna amshi. Da kina jaririya na ƙaga miki wata, ina yin ta in na hau sama shanya kina bayana, daga ni sai tantabaru. Rannan Hajiya Tabawa, wata tsohuwa 'yar wajenmu da ke benen, ta hawo ta same ni.

"Au, 'yar fari ake wa waƙa? Lalle Makka ta buɗe miki ido."

Da wasa ta faɗa, har tana tafa hannu. Ni kuwa ban sake yi ba. Yanzu in na nemi waƙar sai in tarar amonta kawai ya rage, kalmomin sun tafi. Na ga kin daina nuna wa kowa rubutunki, na kuma ga yagaggun takardu a kwandon shara ba sau ɗaya ba. Kada ki yaga. In bai yi kyau ba ki ajiye, gobe ki gyara. Wanda ya yi miki dariya zai manta kafin magariba, ke ce za ki kwana da rashin.

Kada ki ɗauka ina cewa masu gishiri sun ɓata ne gaba ɗaya. Har gobe ina ganin maganar da aka rage ta fi daɗewa a rai. Za ki sami mutane a can masu irin halina, waɗanda za su zuba miki shayi ba su ce komai ba. Kada ki yi musu saurin hukunci, ki ɗanɗana tukuna. Masu cewa a faɗi abin da ke zuciya ma ai ba kowa ke da zuciyar ba, wani bakin kawai gare shi. Mun karanta littattafai iri ɗaya ni da ke, kin san saurayin nan da ke zazzage duk kalmomin duniya a shafin farko, kin kuma san inda yake ƙarewa. In wani ya zo miki da baiti masu daɗi, ki duba ko nasa ne ko na aro, ki kuma duba abin da hannunsa ke yi in bakinsa ya yi shiru. Wanda ya haɗa biyun shi ne mutum. Irin Abbanki ba su da yawa, amma akwai su. Gishiri ba laifi ba ne, 'yata. Laifina shi ne na zuba, na juya, na ƙi ce miki ɗanɗana.

Duk wanda ya shigo yi mana sallama sai ya jawo mini maganar nan ta neman ilimi har Sin, in ce haka ne, in yi murmushi. Ba wanda ya tambaye ni yadda falon zai koma. Kwanuka ba za su taru ba, mu biyu ne, Sadik kuma rabin cinsa a waje yake. Na dai san hannuna zai daɗe yana ɗauko faranti uku. Na kuma san halina. Ranar tafiya a filin jirgin Jidda zan gyara miki mayafi, in ce Allah ya kiyaye hanya, in kau da kai ina neman Sadik kamar ya ɓata. Kin riga kin ga hakan kafin ki karanta wannan. To ki koma wurin a ranki ki zana masa zobe, babba.

Kin ga na bar fili mai faɗi a gefen kowane shafi. Ba ƙarancin magana ba ne. A ɗaya hannun rigar akwai jan biro. Ki bi takardar nan yadda malamanki suke yi, inda ta taɓa ki ki yi zobe, inda na yi son kai ki rubuta a gefe ki faɗa mini, ko da Larabci, ko da zafi, zan ɗauka. Amma kada ki ɗauki hotonta ki turo ta waya. Da hannunki nake so ki kawo mini, in kun sami hutu, mu zauna a falo in ajiye tire in saurara. Maganar igama ki bar mini, ba wahala ba ce, na fara bin ta tun yanzu.

Jiya da hantsi na hau sama na yi shanya. Da na gama na duba ba kowa, sai tantabaru a kan tankin ruwa. Na juya wajen Harami na gwada faɗin sunanki da ƙarfi. Na farko bai fito ba. Na biyu ya fito a shaƙe, kamar muryar wata. Na uku ya fito daidai, tantabarun ko motsi ba su yi ba, sama ba ta faɗo ba. Na zauna a kan bokiti na yi kukan da ya kamata in yi tun a ƙofar makaranta. Allah ya jiƙan Inna, na san za ta yafe mini.

Allah ya tsare mini ke a tafiyarki da zamanki. Ya kare ki daga sanyin da ba ki saba ba da kaɗaicin da kika saba. Ya buɗe miki karatu, ya sa ki fi malamanki, ya tsare miki sallarki da mutuncinki. Ya dawo mini da ke lafiya, ki same ni da rai, in tsaya a saman matakala maƙwabta suna ji in kira ki.

Allah ya yi miki albarka, Asiya. Asiya, 'yata ta fari.

Wassalam. Ni ce,
Ummu Asiya.